Malamai mata a Filifin da jagorancin binciken ɗaliban sakandare: me ake koya musu?

Tambaya: Ni malamar bayoloji ce a wata sakandaren 'yan mata. Na ji cewa a ƙasar Filifin ana horar da malaman kimiyya mata don su ja ɗalibansu su yi bincike tun suna sakandare. Me ake koya musu? Me ya sa aka fi maganar mata? Kuma malamar da ita kanta ba ta taɓa yin bincike ba, anya bita za ta iya mayar da ita jagora?

Amsa: Malama, sannu da fama da yara, Allah ya saka da alheri. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don ita ce gindin maganar. Bita ita kaɗai ba ta mayar da kowa jagorar bincike. A tara malamai kwana uku a zauren otal, a haska musu rubutu a bango, a ci shinkafa da kaza, a raba takardar shaida a ɗauki hoto, wannan hangen Dala ne ba shiga birni ba. Wadda za ta ja yaro ya yi bincike sai ta taɓa yin nata da hannunta, ko da ɗan ƙarami ne, ta ga yadda gwaji ke ƙin fitowa yadda ake so, ta ji haushi, ta sake daga farko. Na yi shekaru ina koyar da malaman kimiyya, ina kuma zama cikin alƙalan gasar ɗalibai, kuma har yau ban ga abin da ya sa na sauya wannan ra'ayi ba.

Sai kin san abin da ya faru a makarantun ƙasar kafin ki gane dalilin da ya sa maganar horon ta yi zafi. A 2013 Filifin ta yi dokar da ta mayar da karatun firamare da sakandare shekara 12 maimakon 10 da ake yi a da. A 2016 aka buɗe aji na 11, na 12 ya biyo baya. Manhajar da aka fara da ita ta ɗora wa kowane ɗalibi darussan bincike biyu, ɗaya na hira da lura, ɗaya na awo da ƙididdiga, sannan 'yan ɓangaren kimiyya da lissafi su rufe karatunsu da aikin bincike nasu na kansu. Kafin wannan ma akwai tsohuwar al'ada ta aikin binciken ɗalibi da suke kira SIP a taƙaice, wanda ake kai wa gasa mataki-mataki: daga makaranta zuwa shiyya, zuwa yanki, zuwa gasar ƙasa ta ma'aikatar ilimi, DepEd. Waɗanda suka yi zarra a can su ake turawa Amurka gasar duniya ta ISEF. Amma a da abin ya fi zama a makarantu na musamman, irin su Philippine Science High School da aka buɗe a 1964 a ƙarƙashin hukumar kimiyya, wadda yanzu rassanta sun bazu a yankunan ƙasar, da kuma azuzuwan kimiyya na musamman a wasu makarantun gwamnati. Sabuwar dokar ta kwaso abin ta zuba wa kowa. Dare ɗaya malamar da ta karanci koyar da Turanci ko tarihi ta wayi gari an miƙa mata darasin bincike da yara hamsin. Kwamitin majalisar dokoki mai duba harkar ilimi, EDCOM 2, ya ba da rahoton cewa kusan kashi 62 cikin 100 na malaman sakandare suna koyar da darasin da ba shi suka ƙware a kai ba a jami'a. Ga kuma jarrabawar PISA, wadda ake gwada ɗaliban ƙasashen duniya da ita: a 2018 ɗaliban ƙasar sun samu maki 357 a kimiyya, na biyu daga ƙasa, a 2022 kuma 356. Kin ga ruwa ba ya tsami banza.

Batun mata kuwa, farkonsa lissafi ne kawai. Mafi rinjayen malaman makarantun gwamnati a Filifin mata ne, a firamare da sakandare duka. Idan kin shiga ɗakin malamai, "Ma'am" za ki ji yara suna kira ta ko'ina, "Sir" jefi-jefi. Saboda haka duk wanda ya ce zai gyara koyar da bincike bai tsara abinsa daidai da rayuwar mace ba, ya gina rumfa a inda babu kasuwa. Babu wata kimiyya ta mata daban. Abin da ake koyarwa ɗaya ne. Bambancin yana wajen lokaci. Dokar kare haƙƙin malaman gwamnati ta 1966 ta ce kada koyarwar aji ta wuce awa shida a rana, to amma jagorancin bincike ba ya shiga cikin awa shidan nan. Bayan an tashi ake yinsa, da ranar Asabar, da dare a waya lokacin da yaro ya aiko da hoton tsiron da ya yanƙwane yana tambayar abin yi. Wannan lokacin shi ne na girki da raino da jinyar tsofaffi, kuma kin fi ni sanin a kan wa yake faɗawa. Sai a Janairun 2024 ma'aikatar ta ba da umarnin a sauke wa malamai ayyukan ofis da suka cika musu hannu. Akwai kuma hutun haihuwa na kwana 105 da dokar 2019 ta tanada. Haƙƙi ne, kuma alheri ne, amma aikin ɗalibi na wata takwas ba ya jira, don haka tsari mai hankali yakan haɗa malamai biyu a kan kowane rukunin yara, in ɗaya ta tafi ɗaya ta riƙe. Kuɗin irin wannan shiri ma yana da ƙofa: doka ta wajabta wa kowace hukumar gwamnati ta ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na kasafinta don harkar ci gaban mata da daidaito.

Wani abu kuma da ke, mai koyar da 'yan mata, za ki gane nan take: iyaye sun fi sakin jiki su bar 'yarsu ta tsaya bayan makaranta, ko ta shiga mota zuwa ɗakin gwaje-gwajen wata jami'a, in mace ce za ta raka ta. A yankin Bangsamoro na tsibirin Mindanao, inda Musulmi suka fi yawa, wannan ba abin da sai an yi wa kowa dogon bayani ba ne.

Sunan da ya kamata ki riƙe shi ne Josette Biyo, 'yar lardin Iloilo. Ta yi shekaru tana koyarwa a makarantar karkara kafin ta koma reshen Philippine Science High School na yammacin Visayas, inda ta riƙe darasin bincike. A 2002, a birnin Louisville na Amurka, ta lashe lambar kamfanin Intel ta gwanintar koyarwa, ita ce ta farko daga nahiyar Asiya, har aka raɗa wa wani ƙaramin dutse da ke zagaya rana a sararin samaniya sunanta, 13241 Biyo. Daga baya ta shugabanci dukkan rassan makarantar, sannan ta riƙe cibiyar ilimin kimiyya ta SEI da ke ƙarƙashin ma'aikatar kimiyya da fasaha, DOST. Wannan cibiya, tare da cibiyar bunƙasa koyar da kimiyya da lissafi ta NISMED a Jami'ar Filifin da ke Diliman, suna cikin manyan masu horar da malaman kimiyya a ƙasar. Abin lura a tarihinta shi ne tana da digirin digirgir a bayoloji, wato ta sha wuyar bincike da kanta kafin ta koya wa wani.

To, me ake koyarwa? Abu na farko, kuma wanda ya fi cin lokaci, shi ne rage wa tambaya girma. Yaro ba ya zuwa da tambaya, da buri yake zuwa. Bari in kawo miki shi kusa da itacen da kika sani. Zogale ana ce masa malunggay a can, yana nan a bayan gida kamar yadda yake a namu, ana zuba ganyensa a miyar kaza. A ce yara uku sun zo sun ce, "Ma'am, muna so mu nuna malunggay yana tsarkake ruwa." Malamar da ba ta horu ba za ta ce to madalla, ku je ku rubuto babi na ɗaya. Wadda ta horu za ta jawo kujera ta zauna. Wane ɓangare, ganye ko ƙwallon? Wane ruwa, na famfo ko na rafin da ke bayan makaranta bayan an sha ruwan sama? Tsarkakewa me kuke nufi da ita, lakar ta kwanta ko ƙwayoyin cuta su mutu? Da me za ku auna? Kafin a tashi, burin nan ya koma tambaya ɗaya da za a iya amsawa da abin da ke hannu: garin ƙwallon zogale nawa ne a lita ɗaya ya fi kwantar da lakar ruwan rafi cikin awa biyu, in an gwada shi da alif?

A horo na gaskiya malaman ne da kansu za su yi wannan gwajin, ba a ba su labarinsa ba. Su ɓare ƙwallon, su daka, su tankaɗe, su auna a sikeli. Su jera kwalabe iri ɗaya, a ɗebo ruwa daga bokiti ɗaya ana motsa shi kafin kowane ɗiba don kada kwalbar ƙarshe ta kwashe lakar ƙasa. Wasu kwalaben a sa gari kaɗan, wasu matsakaici, wasu da yawa, wasu alif, wasu kuma a bar su haka ba a sa musu komai ba. Waɗannan na ƙarshen su ne kullum ake mantawa, alhali su ne ƙashin bayan aikin, don ruwan laka ko ba a taɓa shi ba zai ɗan kwanta da kansa, kuma in babu su ba ki da bakin cewa zogale ne ya yi. Kowane awo a yi masa kwalba uku aƙalla. Na'urar auna duhun ruwa tana da tsada, sai a yi dabara: dogon bututun roba da ake ganin cikinsa, a manna alamar baƙi da fari a gindinsa, a riƙa zuba ruwan a hankali ana leƙawa ta sama har alamar ta ɓace, a karanta tsawon ruwan da santimita. Ruwan da ya fi haske shi zai fi tsawo kafin ya ɓoye alamar.

A nan ne abin daɗin yake. Ƙwallon zogale yana da wani sinadarin furotin da ke kama ƙananan ɓarɓashin laka ya dunƙule su su nutse. Matan ƙauyukan Sudan sun daɗe suna gyara ruwan kogin Nilu da shi. Amma in garin ya wuce kima, ruwan ya sake yin duhu. Malamar da ta zaci "da yawa ya fi" za ta ga kwalbar da ta fi zuba wa gari ta fi ta tsakiya muni, ta ce ai kuskure aka yi. Ba kuskure ba ne, sakamakon ke nan. Ranar da ta ga haka da idonta, ranar ta zama wadda za ta iya hana ɗalibi goge lambar da ba ta yi masa daɗi ba. Kuma a nan za ta koyi iyakar abin da aka gano: ruwa ya yi haske ba ya nufin ya zama na sha, don ba a auna ƙwayoyin cuta ba. Yaro ya rubuta abin da ya auna, ya yi shiru a kan abin da bai auna ba.

Sai littafin aiki. Littafi ɗinkakke, da biro, da kwanan wata a kowane shafi, ba a yage takarda, in an yi kuskure a ja layi ɗaya a bar shi yana karantuwa. Yana kama da ƙaramin abu, amma ni a teburin alƙalanci shi nake fara buɗewa kafin in kalli allon ado. Littafin da ya sha ɗigon ruwa da yatsun laka, rubutun Litinin ya bambanta da na Juma'a, na san an yi aiki. Wanda yake fes, biro ɗaya, hannu ɗaya daga farko har ƙarshe, daren jiya aka cike shi.

Ƙa'idojin tsaro da ɗa'a su ma suna cin wuri babba, don gasar ƙasa tana bin tsarin ISEF. Kafin a fara gwajin da ya shafi mutane, dabbobi masu ƙashin baya ko ƙwayoyin cuta sai kwamitin dubawa ya amince da shirin a rubuce, ba bayan an gama ba. Rukuni ba ya wuce yara uku, aikin da za a gabatar ba ya wuce na wata 12, taƙaitawarsa ba ta wuce kalma 250. An hana renon bakteriya a gida. Wannan yana da muhimmanci a Filifin saboda aikin da yara suka fi so shi ne a tatso ruwan wani ganye a gwada ko yana kashe ƙwayoyin cuta, kuma farantin renon ƙwayoyin ɗaya da aka buɗe a kicin ya isa ya kwantar da gida. Bincike da mutane, ko da tambayoyi ne a takarda, yana buƙatar yardarsu, in ƙananan yara ne da ta iyayensu. Dabbobi masu ƙashin baya suna da nasu sharuɗɗa masu tsauri. Ɗibar tsiro ko dabbar daji don bincike kuwa, dokar kare namun daji ta 2001 ta ce sai da izinin hukuma. Aiki mai kyau yakan faɗi a matakin yanki saboda takarda ɗaya da ba a sa wa hannu a kan lokaci ba, kuma laifin ba na yaro ba ne.

Ƙididdiga ba zan daɗe a kanta ba. Matsakaici, bazuwar lambobi, zane mai gaskiya, da sanin lokacin da bambanci tsakanin rukuni biyu zai iya zama na sa'a kawai. Ya isa. Na fi son yarinyar da za ta yi min bayanin zanenta da bakinta a kan wadda ta danna manhajar kwamfuta ta fito da sunan gwajin da ba ta san ma'anarsa ba.

Abin da ya fi wuyar koyarwa shi ne janye hannu. Wata shekara ina alƙalanci a wata gasa, na tsaya gaban wata yarinya mai allo kamar na ɗalibin digiri na biyu, Turanci na zuba ba gargada. Na ce mata, "'Yata, me ya sa kika maimaita sau uku, ba sau ɗaya ba?" Sai ta yi shiru, ta waiga bayan zaure inda malamarta ke tsaye tana murza gefen mayafi. Ban ji haushin yarinyar ba. Malamar ma na tausaya mata, don na san shugaban makaranta kofin gasa yake jira, kuma nasarar ɗalibi tana shiga takardun neman ƙarin girma. A Filifin wannan matsin yana da ƙarfi, makarantu har kyallen talla suke bugawa da hotunan waɗanda suka ci gasa su rataya a bakin ƙofa. Shi ya sa mai horarwa nagari yakan sa malamai su yi wasan kwaikwayo bibbiyu: ɗaya ta zama ɗaliba mai kawo shirme, ɗaya ta zama jagora da aka hana ta ba da amsa, tambaya kawai za ta yi na minti goma. Gwada ki gani, Malama. Kafin minti uku bakinki zai fara ƙaiƙayi.

Harshe ma yana shiga nan. Da Turanci ake koyar da kimiyya, da shi ake rubuta rahoto, amma yaron Cebu da harshen Cebuano yake tunani, na Iloilo da Hiligaynon, na Leyte da Waray ko Cebuano. Jagora mai wayo takan bar shi ya warware dalilinsa da harshen gida tukuna, sannan a juya. In bai iya faɗa da harshen uwarsa ba, Turancin hadda ce.

Akan so a cika irin wannan horo da tarihin fitattun mata, kuma ƙasar tana da su: Fe del Mundo, likitar yara da ake danganta mata akwatin ɗumama jarirai na gora don ƙauyukan da babu lantarki, Maria Orosa, masaniyar sarrafa abinci da ta yi miyar kwalba, wato ketchup, da ayaba maimakon tumatir, ta rasu a yaƙin Manila a 1945, Lourdes Cruz, wadda ta yi aiki a kan dafin dodon koɗin teku ta karɓi lambar L'Oréal da UNESCO a 2010. Ba na raina wannan. Amfaninsa a wurina shi ne dukkansu daga abin da ke gabansu suka ɗauko tambaya, gora da ayaba da katantanwa. In an tsaya a manna hotunansu a bango kuwa, ado ne.

Bayan an watse daga horo nan aikin yake farawa, kuma nan shirye-shirye da yawa suke mutuwa. Ma'aikatar ilimi ta kafa wani tsari a 2016 da ake kira LAC: malamai biyar zuwa goma sha biyar na makaranta ɗaya su riƙa zama aƙalla sau ɗaya a wata suna warware matsalolin koyarwarsu. Inda aka ɗauke shi da gaske, nan ne malama za ta ajiye shirin ɗalibanta a tebur 'yan'uwanta su tsattsage shi kafin alƙali ya gani. Inda ba a ɗauke shi da gaske ba, rajista ce ake sa wa hannu. Haɗa kowace malama da wani masani a jami'ar da ke kusa, wanda zai ɗaga waya in an kira, ya fi ƙarin kwana biyu na lacca. Dole kuma a yi maganar kuɗi a fili: gwajin da sai an kai samfuri ɗakin gwaje-gwajen jami'a ko na ofishin DOST na yanki biyan kuɗi ake yi, kuma sau da yawa aljihun iyaye ko na malamar ne ke amsawa. Filifin ƙasa ce mai tsibirai sama da 7,000, wani samfurin sai ya hau jirgin ruwa cikin ƙanƙara. Guguwar teku kusan 20 ke shiga yankin ƙasar a shekara, makarantu su zama matsugunin waɗanda ambaliya ta kora, tsiron gwaji na wata biyu ya kwanta cikin dare ɗaya. Malamar da ta ƙware takan sa a shuka kashi biyu, mako biyu tsakani, ɗaya a makaranta ɗaya a gidan wani ɗalibi.

Ke kuma, tunda zogale da ruwan laka ba su yi miki nisa ba, nemi kwalabe goma sha biyar da bututu ɗaya ki yi gwajin nan ke kaɗai a hutun ƙarshen mako, ki rubuta komai a littafi. Kada ki nuna wa yaran sakamakonki. Zango mai zuwa ki ba rukuni uku tambayar, kowanne da ruwan unguwarsu, ki ajiye naki littafin a aljihun tebur har sai sun kawo nasu.